Littafin aikina na SIWES: mutuware, ɗakin gwaji da kejin ƙudaje

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Yau na kai takardata aka sa hannu, na kama aiki. Ina aji uku a jami'a, fannin ilimin dabbobi, kuma wata shida za mu yi a waje ƙarƙashin SIWES, shirin koyon aiki da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta ɓullo da shi tun 1973. 'Yan ajinmu sun watsu, wasu gidan ruwa, wasu ɗakin gwajin jini, wasu gidan gona. Ni na nemi sashen binciken tsoka da gawa na wani asibiti a nan cikin Katsina. Ba zan ambaci asibitin ba, ba zan kira sunan kowa ba, kuma duk abin da zai sa a gane wani mamaci zan bar shi a cikina. Logbuk ɗin makaranta layi biyar yake ba mutum a rana, shi ya sa na buɗe wannan.

Da na faɗa a gida, Umma cewa ta yi, "Ke yanzu duk ayyukan duniya ki rasa na zaɓa sai na gawa?" Abba ne ya ce mata, "Bar ta. Wankan gawa ma wajibi ne a samu mai yi." Dukansu sun san abin da ya kai ni. Shekara huɗu ke nan ƙanen Umma ya kwanta lafiya bai tashi ba, kafin azahar an kai shi maƙabartar Ɗan Takum. Har yau danginsa da dangin matarsa ba sa ga-maciji, kowa da abin da yake zargi, kuma babu wanda ya san abin da ya kashe shi.

Kashe-kashen kuɗin farko: farar riga naira 7,000, takalmin roba 6,500, kwalin safar hannu 5,000, takunkumi 1,500. Napep zuwa da dawowa 600 kullum.

Talata, 8 ga Afrilu

Dattijon da ke kula da mutuware, kowa Baba yake ce masa, shi ya shigar da ni. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi sallama a hankali kamar mai shiga ɗakin mutane, sannan ya ce, "Ɗiyata, nan ba a ɗaga murya, ba a dariya, ba a fiddo waya." Ya nuna mani firij, ya ce allurarsa kada ta wuce tsakanin digiri 2 da 4, kuma aikina na farko shi ne in rubuta abin da ta nuna safe da yamma.

Da ya jawo aljihun farko, warin fomalin, sinadarin da ke hana tsoka ruɓewa, ya daki idona, ƙafata ta saki. Na fita na zauna a gindin darbejiya na kusan minti ashirin. Baba bai ce mani komai ba, ruwa kawai ya aiko mani. Da na koma sai ya buɗe mani babban rajista: lamba, rana, lokaci, wanda ya kawo, wanda ya karɓa, kayan da ke jikin mamaci, har zobe da carbi. Lambar da ke rajista ita ce a ɗaure a yatsan ƙafa da wuyan hannu. Ya ce a shekarunsa na aiki abin da ya fi tsoro shi ne ya ba wasu gawar da ba tasu ba.

Daren nan ban iya cin tuwo ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Rajista da allurar firij. Na wanke tire da kwalabe. Na fara iya tsayuwa a ciki har a gama.

Laraba, 16 ga Afrilu

An mayar da ni ɗakin gwaji wajen Anti, ma'aikaciyar da ke sarrafa tsoka. Yawancin abin da ke zuwa nan na masu rai ne, ƙari da aka ciro a tiyata da makamantansu, amma hanyar ɗaya ce da ta gawa. Tsoka tana kwana cikin fomalin mai kashi 10 cikin 100 don kada ta ruɓe. Daga nan a bi da ita cikin alkohol daki-daki, daga mai kashi 70 har zuwa tsantsa, ya zuƙe ruwan jikinta, sai zailin, wani sinadari da ke fitar da alkohol ɗin, sai narkakkiyar kakuma irin ta kyandir mai zafin kusan digiri 60. Idan ta daskare a ɗora a injin yanka, a fere ta siririya, maikuron 3 zuwa 5 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ta fi fatar albasa rashin kauri nesa ba kusa ba. A rina ta da launi biyu, shuɗi da ja-ja, sannan Likita, wato likitan sashenmu mai binciken tsoka da gawa, ya duba a madubin ƙara girma.

Na yi kuskure yau, kuma babba ne. Anti ta ba ni 'yan akwatunan roba huɗu in rubuta musu lamba. Na ga fensir a kan tebur, na ga kamar maka za ta fi fitowa, sai na yi da maka. Bayan awa biyu da aka ɗaga kwandon daga alkohol, biyu sun fito fari tas, babu lamba. Tsokar mutum biyu, ba a san ta wane ce ta wane ba. Abin da ya cece mu shi ne Anti tana zana siffar kowane yanki a littafinta da yawan gutsattsarinsa kafin ta rufe, ɗaya gutsure uku ne ɗaya guda ɗaya. Da su biyun iri ɗaya ne, da an iya gaya wa mai lafiya yana da daji, a sallami mai dajin.

Ba ta yi mani tsawa ba, kuma hakan ya fi yi mani zafi. Ta ce, "Ƙanwata, kin san isnadi a hadisi? Wane ya karɓo daga wane, har a kai tushe. Idan mutum ɗaya ya ɓace a tsakani, hadisin ya raunana. Haka samfuri yake. A shari'ar kisa lauya ba sai ya musanta sakamako ba, ya ishe shi ya nuna awa ɗaya da ba a san hannun wa kwalbar take ba." Ta sa na rubuta abin da ya faru da hannuna a littafin kurakurai, na sa hannu. Fensir kaɗai daga yau.

Talata, 22 ga Afrilu

Likita ya zaunar da mu, ni da ɗaliban likitanci biyu, kan yadda ake ƙiyasta lokacin mutuwa. Littafi ya ce gawa tana fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya ta gangaro, ta cika wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Jini yana kwanciya a ɓangaren da ke ƙasa, kuma bayan awa 8 zuwa 12 ba ya ƙara tashi ko an juya gawar, shi ya sa ake gane an matsar da mutum bayan ya cika. Zafin jiki kuma yana sauka kusan digiri ɗaya a awa.

Sai ya nuna mana ma'aunin zafi da ke bango, 41. Ya ce, "Jikin mutum 37 ne. To ku gaya mani, ina zai sauka ya je?" Waɗannan lissafe-lissafen a ƙasashen sanyi aka yi su. A bazarar Katsina sandarewa tana zuwa da wuri ta tafi da wuri, kuma kafin kwana biyu ciki ya kumbura. Hotunan kwanciyar jini ma duk na farar fata ne. A jikinmu sai an duba tafin hannu, tafin ƙafa, ƙarƙashin farce da cikin leɓe. A nan ne kuma ake ganin jan nan mai haske na wanda hayaƙin janareta ko na gawayi ya kashe a rufaffen ɗaki.

Na tambaye shi, idan gawa ta wuce kwana uku fa? Ya ce sai ƙuda. Da ya ji fannina sai ya ce, "To ke ce ya kamata ki gaya mana." Ƙuda yana sauka kan gawa cikin mintuna, ya yi ƙwai, kuma girman tsutsarsa yana tafiya da zafin wuri. Wanda ya san saurin girmanta a garinsa zai iya cewa aƙalla kwana kaza ke nan. Na samu abin da zan yi aikin kammala digiri a kai. Malamina na makaranta ya amince ta waya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Kawu ya ba ni lungu a garkarsa da ke hanyar Batagarawa, nesa da gidaje saboda wari. Kafinta ya haɗa keji na katako da waya mai faɗin ido, ƙuda ya shiga, mage da shaho su tsaya a waje: 9,000. Ma'aunin zafi 4,500, kwalabe goma sha biyu 3,000, alkohol lita ɗaya 4,000, hantar akuya rabin kilo daga abatuwa 2,500, hantsaki da rula 1,200. Jimla 24,200, rabi daga kuɗin adashina, rabi Yaya ya cika, shi ne kuma zai riƙa kai ni a babur bayan la'asar.

Na ajiye hantar ƙarfe 8:10 na safe. Ƙarfe 8:17 koren ƙuda mai sheƙi ya sauka.

Talata, 29 ga Afrilu

Gwajin farko ya lalace. Na ajiye kejin a fili don ƙuda ya gani, rana ta yi ta dukansa, hantar ta bushe ta koma kamar kilishi. Ƙwan da aka yi a gefe ya ƙone, 'yan tsutsotsin da suka fito sun mutu a rana ta biyu. Na gaya wa Likita ina jin haushi, sai ya ce in rubuta shi a matsayin sakamako, domin haka yake faruwa da mutum. Gawar da ta kwana biyu a fili cikin rani fatarta tana bushewa ta yi tauri kamar ƙirgi, tsutsa ta koma ciki inda ke da danshi. Asara: hanta 2,500 da man babur.

Litinin, 5 ga Mayu

Na biyu ma ya tafi. Wannan karon na sa kejin a inuwar mangwaro, komai na tafiya daidai har kwana biyu. Jiya da muka je, cinnaku sun yi layi daga gindin bishiya, kowanne ɗauke da tsutsa. Ba su bar ko ɗaya ba. Na tsuguna ina kallonsu, hawaye ya zo mani. Mai gadin garkar ya ce, "Malama, yadda ake yi wa gadon jariri za ki yi." Ya kawo gwangwanaye huɗu ya zuba ruwa da ɗan baƙin mai, muka tsoma ƙafafun kejin a ciki. Na ƙara tire na yashi mai ɗan danshi a ƙasa, inda tsutsa za ta shige idan ta ƙoshi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ɗakin gwaji. Na rina gilasai ashirin, Anti ta mayar da uku. Ranar Asabar zan sa hanta ta uku.

Talata, 13 ga Mayu

Wata ɗaya da mako guda ina nan, sai yau aka kawo gawar da hukuma ta ce a bincika. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda abin yake da wuya a wajenmu. Magidanci ne da ya haura hamsin. Ya ci abincin dare a ɗakin amarya, ranar girkinta ce, ya ce kansa na sarawa, ya yi amai, ya faɗi. Kafin a iso asibiti rai ya yi halinsa. 'Yan uwansa suka ce fiya-fiya ta zuba masa. Tana hannun 'yan sanda tun daren.

Ɗan sanda mai bincike ya zo da takardu: Fom B, rahoton mutuwar, da Fom C, umarnin a binciki gawa, wanda alƙalin majistare ya sa wa hannu a matsayinsa na mai binciken mutuwar da ake shakka. Likita kuma Fom D zai cike. Sunan wannan muƙami a Turance, coroner, ya yi kama da na cutar korona, kuma da wani ya ambace shi sai wajen ya hargitse, dangi suka ɗauka cewa ake yi cutar ce ta kashe shi. Sai da Baba ya fito ya warware.

Mutum sun fi talatin a ƙofar mutuware. An haƙa kabari, an sanar da jana'iza ƙarfe biyu. Yayan mamacin yana cewa, "Mi za ku yi mashi? Mun san wadda ta kashe shi, ku ba mu gawarmu." Ya kawo hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, da umarnin a gaggauta jana'iza. Ban ga laifinsa ba. Da ni ce a waje, abin da zan faɗa ke nan.

Likita ya shigo da shi ofis tare da limamin unguwarsu, ya ba su kujera, ya yi musu ta'aziyya kafin komai. Ya ce, "Alhaji, ba na jayayya da hadisi. Amma akwai mace a tsare, kuma hukuncin kisa ake magana. Idan ita ce, kuna buƙatar hujjar da kotu za ta karɓa. Idan ba ita ba ce, wa zai ɗauki alhakinta?" Liman ya yi shiru, sannan ya ce majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta irin wannan tun shekarar 1396 ta Hijira, idan don gano gaskiyar laifi ne ko annoba. Ya kuma tuna musu rigar Annabi Yusuf, yadda aka duba ta gaba ta yage ko ta baya, aka wanke wanda ake zargi. Yayan ya kafa sharaɗi uku: a rufe al'aurarsa, a mayar da komai inda yake, a ba su shi kafin la'asar. Likita ya ce ya ɗauka.

An fara 11:40. Aikina rubutu da riƙe kwalabe. Likita ya duba jiki daga kai har ƙafa tukuna: babu rauni, babu kumfa a baki ko hanci, ƙwayar ido ba ta tsuke ba. Masu shan irin wannan maganin ƙwari yawanci huhunsu yana cika da ruwa, tumbinsu yana warin kananzir. Da aka buɗe tumbi, tuwo ne da miyar kuka, warin abinci kawai. Zuciya ta auna giram 540, alhali ta namiji baligi ba ta cika wuce 350 ba, bangonta na hagu ya yi kauri, alamar hawan jinin da ya daɗe. Da aka buɗe kai, gudan jini ne kamar ƙwan agwagwa a can cikin ƙwaƙwalwa, ya fasa ya cika ramukanta. Likita ya tsaya ya ce, "Innalillahi. Ga shi nan."

Duk da haka ya ɗebi jini, fitsari, abin cikin tumbi da yankin hanta, domin kada gobe a ce ba a nemi guba ba. Na rubuta lamba a kowace kwalba, aka like, Likita ya sa hannu, ɗan sanda ya sa hannu da lokaci. Baba ya ɗinke da ƙananan ɗinki, ya wanke, ya gyara gashin kai ya rufe wurin. Ƙarfe 2:50 aka ba su shi.

Laraba, 14 ga Mayu

Ɗan mamacin ya dawo karɓar takarda. Ya ce sun samu katin asibiti a aljihun babbar rigar mahaifinsu, an rubuta masa maganin hawan jini tun bara, bai gaya wa kowa ba, kuma kwalin yana nan ko rabi bai sha ba. Likita ya auna shi shi ma a take, ya ce ya turo ƙannensa.

Jiya da dare na ba Umma labarin ba tare da suna ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Shi ma ƙanena yana yawan cewa kansa."

Talata, 20 ga Mayu

Alhamdu lillahi, gwaji na uku ya kai ƙarshe. Na sa hanta ranar 10 ga wata da safe. Kafin azahar ƙwai fari-fari ya taru a lungun hantar kamar ɓarzajjen gero. Washegari da safe ya ƙyanƙyashe. Kullum nakan ɗebi tsutsa goma, in tsoma su a ruwan da ya kusa tafasa na daƙiƙa 30 su miƙe, sannan in sa a alkohol. Ranar farko kai tsaye na jefa su alkohol, suka ƙanƙance suka yi duhu, awon ranar bai da amfani. Anti ta bar ni in duba su a madubi bayan an tashi. A gindin tsutsa akwai ƙofofin numfashi biyu, idan tsaga biyu ce a kowace tana mataki na biyu, idan uku ce ta kai na uku. Nawa sun kai na uku a rana ta uku, milimita 12 zuwa 14.

Iri biyu na samu, masu santsi da masu ƙaya-ƙaya a jiki. Masu ƙayar, ga dukkan alamu Chrysomya albiceps ne, na gan su da idona suna nannaɗe masu santsin suna cinyewa. Na tura ma'aunin zafi tsakiyar tarinsu ya nuna 44, alhali inuwar 38 ce. Zafin kansu suke haɗawa, kuma dole in sa wannan a lissafi. Rana ta biyar suka bar hantar suka nutse cikin yashi, suka zama ƙwanso ja mai duhu. Jiya, rana ta tara, ƙuda na farko ya fasa ya fito, fari-fari da fukafukai a naɗe, kafin awa biyu ya yi kore.

Talata, 27 ga Mayu

An ɗauke wuta tun daren jiya, janareta ya ƙi tashi sai goma na safe. Allurar firij ta hau 11. Baba ya hana a buɗe ko aljihu ɗaya, ya aika aka sayo ƙanƙara. Kwalaben ranar 13 Anti ta kwashe su cikin kula ta kai firij ɗin bankin jini mai sola, ta rubuta lokacin fita da na shiga, ta sa ni na sa hannu a matsayin shaida.

Litinin, 2 ga Yuni

Ɗan sandan ya biyo ya ce an ba da belin amaryar da aka zarga bisa rahoton Likita, tana gidan iyayenta tana takaba. Kwana goma sha tara na takabarta a tsare ta yi su. Kwalaben kuma har yanzu suna jiran a kai su inda ake gwajin guba, domin babu na'urar a sashenmu, kuma sai an samu mai biyan kuɗin gwaji da na mota. Wannan shi ne abin da ya fi ci mani rai a aikin nan. An yi komai daidai, an like, an sa hannu, amma sauran amsar tana wani gari. Ko cibiyar gwajin DNA da Jihar Legas ta buɗe a 2017 ta fi kilomita dubu daga nan.

Hutun Babbar Sallah daga Alhamis.

Laraba, 11 ga Yuni

Manoma masu shuka sun tsinci gawar namiji a bayan gari, a ƙarƙashin wata sabara. Babu katin shaida, babu waya, fuska ba ta ganuwa. Wannan ne wari mafi tsanani da na taɓa ji, takunkumi biyu na sa. Likita ya ce, "Ɗauko kwalabenki."

Na ɗebi tsutsa daga wuya da ƙirji, rabi na kashe a ruwan zafi, rabi na bar su da rai a kan 'yar hanta don su zama ƙuda in tabbatar da irinsu. Mafi girma milimita 15, tsaga uku, masu ƙaya da masu santsi, kuma wasu cikinsu ya fara washewa, alamar sun daina ci. Na tambayi ɗan sandan ko sun tona ƙasar wajen sun ga ƙwanso, ya ce ba wanda ya taɓa ce musu a duba. Na zana masa siffarsa a takarda, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai koma.

Na ce wa Likita kwana huɗu zuwa biyar. Ya ce in ƙara kalmar "aƙalla", in kuma rubuta cewa daga gwaji ɗaya tak na samo, a kan hanta, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka. Tsutsa lokacin da ƙuda ya samu gawa take nunawa. Idan an rufe mutum a ɗaki ko a buhu kafin a yar da shi, kwanakin nan ba sa cikin lissafinta. Ƙiyasina bai shiga Fom D ba, kuma daidai ne, amma ya sa takardata a fayil.

Abin da ya tsaya mani a rai shi ne yadda Baba ya yi da kayansa. Riga shuɗiya mai aljihu a gefe, hula, laya a damtse, goro ɗaya da ya bushe, naira 350. Ya wanke rigar ya shanya, ya ninke, ya sa a leda da lamba. Ya buɗe mani wani kabad, ledoji ne jere, wasu sun yi shekaru. Ya ce uwa tana iya mance fuska idan ta lalace, amma ba ta mance ɗinkin da ta yi da hannunta. Likita ya rubuta tsayi, haƙoran da suka fita, tsohuwar karaya a ƙwauri, ya cire turmin haƙori ɗaya aka adana ko wata rana a samu ɗan uwan da za a yi gwajin DNA da shi.

Laraba, 18 ga Yuni

Tsutsotsin ranar 11 sun zama ƙudaje, koraye, iri ɗaya da na garka. Ɗan sandan ya dawo da ƙwanso bakwai a ledar ƙulli, duk ba su fashe ba. Ke nan wasu sun riga sun bar gawar sun shige ƙasa, ƙiyasin ya koma aƙalla kwana biyar zuwa shida. Na gyara takardar, na bar ta farkon a bayanta. An yi wa mutumin sutura shekaranjiya da izinin hukuma, Baba da ma'aikata huɗu suka sallace shi. Ba wanda ya zo nema tukuna.

Zuwa yau aikin ƙuda ya ci naira 41,700. Saura wata uku da rabi. Malamina ya ce gwaji ɗaya ba ya zama hujja, yana son uku a damina, uku kuma idan hunturu ya shigo, ko da SIWES ya ƙare. Ina buƙatar keji na biyu mai rufin kwano saboda ruwa, da ma'aunin da ke rubuta zafi da kansa kowace awa, domin yanzu na safe da na yamma kawai nake da shi, na dare babu. An ce mani zai kai 25,000 a Kano, zan jira Yaya ya shiga. Hanta kuma ta yi ƙanƙanta, tana ƙarewa kafin ƙwarin da ke zuwa daga baya su iso, irin masu cin busasshen kifi da fata. Na yi magana da wani mahauci zai ajiye mani kan akuya da fatarsa ranar Asabar, 3,500.

Likita ya ce in rubuta shafi ɗaya da Hausa, da zane, kan yadda ake ɗibar tsutsa da ƙwanso a inda aka tsinci gawa, zai ba 'yan sandan da ke kawo mana aiki. Na fara daren jiya. Gobe Anti za ta fara koya mani injin yanka.